Gwiwar Yazan

Kwanakin baya wasu ɗalibai 'yan gida da ke karatu a jami'ar College Park, nan ƙasar Turawa, suka zo wurin aikinmu ganin yadda ake haɗa ƙafar roba. Ɗaya daga cikinsu, ɗan ƙanwar matata ne ma, ya zagaya ya duba na'urar da ke ɗaukar hoton dungulmi, ya duba wadda ke fito da roba kamar ana murza taliya, sai ya ce da ni, "Baba Bitrus, ashe aikin naku ba wuya. Kwamfuta ce ke yin komai." Rabin maganar da Turanci ya yi ta, amma na gane shi sarai. Ban nuna fushi a gabansu ba, sai bayan sun tafi abin ya riƙa cina. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta muku, ku da kuke ganin sana'ar nan danna maɓalli ce.

Aikin farko da aka damƙa mini, ƙafar wata manomiya ce, a wani asibitin mishan can cikin duwatsun Filato inda ake kula da kutare da waɗanda shan inna ta naƙasa. Maigidana Malam Yohanna kafinta ne tun asali, kuturta ta cinye masa yatsu biyu na hannun hagu, amma ban taɓa ganin mai riƙe magagari kamarsa ba. Kayan aikinmu a lokacin gizago ne, da magagari, da kurfi, da fatar shanu, da tsohuwar tayar mota da muke yanka mu yi tafin ƙafa. Ya ba ni guntun icce ya ce in fafe ƙoƙo, wato ramin da dungulmi ke shiga ya zauna. Na fafe shi sumul, zagayayye, ina ta murna. Ya karɓa ya juya shi, ya tambaye ni ko turmi matar ta ce tana so. Daga nan ya kama babban yatsana ya ɗora a kan dungulminta, ya ce in rufe ido in gaya masa inda ƙashi yake da inda nama yake. Inda ƙashi ya turo ba a ɗora masa nauyi, inda tsoka take nan ake jingina mutum. Na yi shekaru a hannunsa, rabin karatun da ido a rufe na yi shi.

A wurinsa na koyi darajar gwiwa. Wanda aka yanke ƙasa da gwiwa, in an yi masa ƙafa mai kyau, zai koma gona, zai hau keke, zai durƙusa ya gaida surukansa. Wanda aka yanke sama da ita, wata rayuwa ce dabam: kowane taki sai ya yi tunani, kowane tudu abokin gaba ne, kafin ya kai kasuwa ya gaji likis. Saboda haka duk mai wannan sana'a, ko a ƙauye ko a birni, a kan gwiwa yake yaƙi. In an bar maka ita da ɗan guntun ƙashi a ƙasa, ka riƙe abin nan kamar ƙwai.

Matata ce ta fara zuwa ƙasar nan da aikin jinya, ni na biyo baya da furfurata ta fara fitowa, na sake zama ɗalibi, na rubuta jarrabawa tare da sa'o'in 'ya'yana. Kayan aiki suka canza. Icce ya tafi, roba da wani baƙin zare mai ƙarfin ƙarfe suka zo, gizago ya ba injin gurza wuri. Masu zuwa wurinmu yawanci tsofaffi ne da ciwon sukari ya cinye wa ƙafa, sai tsofaffin sojoji, sai samarin babur. Abin da na fi so da mutanen ƙasar nan shi ne ƙorafi. Akwai wani tsoho da ya yi ta sintiri wurina saboda wani wuri da bai fi ƙwayar gyaɗa ba yana gogar masa fata. Abokan aikina suna ganinsa su ɓuya, ni kuwa in jawo masa kujera. Na'ura tana ganin siffar dungulmi, amma ba ta jin zafinsa. Sai mai ƙafa ya buɗe baki ya ce nan ne, kafin ka san inda za ka kankare.

Shekarar da ta fi kowace muni a aikina ita ce wadda aka fara kawo mana yara daga Gaza. Wata ƙungiyar agaji ce ke ɗauko su, kowane yaro da babba ɗaya tak, a kama musu ɗaki, a yi musu magani. Na ga aikin adda da harsashi a gida lokacin rikice-rikicenmu, na ɗauka idona ya bushe. Bai bushe ba. Akwai ranar da na buɗe akwatin tafin ƙafa na yara, na ga ƙananan sun ƙare, manya ne kawai suka rage.

Yazan ɗan shekara tara ne, siriri, mai manyan idanu da tabon ƙuna a wuya. Ya zo da mahaifiyarsa, wadda bisa al'adarsu ba a kiran sunanta, sai dai a ce Ummu Yazan. An ba su ɗaki a wani gidan bene a unguwar Landover, kuma mai kawo su Malam Haruna ne, wani dattijo ɗan Maraɗi da ke tuƙa marasa lafiya. Ya yi karatu a ƙasar Larabawa yana saurayi, don haka shi ya zama bakinmu. Asibiti na da tafinta ta waya, amma yaron ba ya magana da waya. Malam Haruna yake yi wa, yana yi masa dariya wai Larabcinsa irin na mai huɗuba ne. Ni da Malam Haruna kuwa Hausa muke yi, yana tsokanata da cewa Hausar mutanen dutse sai da tafinta ita ma.

Ranar ɗaukar awo na zaunar da yaron a bakin gado na warware bandejin. Ƙafar dama ce, an yanke ta ƙasa da gwiwa, abin da ya rage bai wuce faɗin yatsu huɗu ba. Yankan gaggawa ne, ka gani ka san wanda ya yi shi ba shi da lokaci kuma ba shi da kayan aiki. Uwar ta ce ba allurar kashe zafi ran nan, mahaifinsa ne ya danne shi. Likitocin nan sun gyara bakin ƙashin, sun yanko fata daga cinyarsa sun rufe, suka ce gwiwar za ta tsira in an bi ta a hankali. Irin wannan fatar ba ta da juriya, kuma ba ta yin ja da wuri ta gargaɗe ka kamar fatar asali. Ban yarda da na'ura ita kaɗai ba. Na sa masa safa, na zana inda ƙashi yake da shuɗin fensir, na jiƙa filasta, wato farin bandejin da ke daskarewa ya ɗauki siffar dungulmi, na naɗe, na danna manyan yatsuna gefe da gefen jijiyar gwiwa har ta ɗauki zafi ta kama. Duk inda na latsa na sa a tambaye shi ko da zafi, amsa ɗaya yake bayarwa, alhamdu lillahi, ba komai. Na ce wa Malam Haruna ya gaya masa a ɗakin nan mai raki shi ne gwani. Yaron ya yi murmushi, ya ce ba komai.

Sun yi ta zuwa gwaji, muka saba. Ummu Yazan ba ta zuwa hannu sake, kullum da burodin da ta gasa, da man zaitun da wani garin ganye mai ɗan tsami da suke barbaɗawa. In na ce na ƙoshi sai ta ɓata rai, dole in wanke filasta in ci. A bakinta na ji labarin gidansu. Mijinta gyaran keke yake yi, suna da bishiyar lemon tsami a tsakar gida, kakar yaran na zaune a ƙasan bene. Gidan ya tafi, kakar ta tafi, suka yi ta ƙaura daga makaranta zuwa gidan dangi har suka ƙare a tanti kusa da teku. Aikin Yazan ɗebo ruwa ne, jarka a kowane hannu, ƙanwarsa Tala 'yar shekara huɗu a kan wuyansa don ba ta yarda ya fita ya bar ta. A layin ruwa hari ya rutsa da shi, ran nan Allah ya sa Tala na zazzaɓi ba ta bi shi ba. Da aka samu hanyar fitar da shi, mutum ɗaya aka yarda ya raka shi, sai uwar ta taho, uban ya zauna da yarinyar.

Kun san yankin nan da jirage masu saukar ungulu, ba sa rabuwa da sama. Duk sanda ɗaya ya wuce, Yazan ba ya firgita, sai dai ya yi tsit ya karkata kai yana saurare, can ya ce wannan ba irin nasu ba ne, ya ci gaba da abin da yake yi. Ya ce a tanti wasa suke yi da shi, wanda ya riga gane abin da ke sama daga ƙararsa shi ya ci, kuma Tala ma ta fara iyawa. Yana faɗa yana alfahari da ita.

Ba a daidaita ƙafar roba sai da takalmin da za a sa mata, saboda tsayin dunduniya na canza tsayuwar mutum gaba ɗaya. Yaron da takalmi wari ɗaya ya zo ƙasar nan. Na ce Malam Haruna ya biya da su kanti su sayo. Da suka dawo ya ba ni labari yana dariya, wai Yazan ya zaɓi nasa cikin minti ɗaya, sannan ya ɓata lokaci a wajen na 'yan mata yana gwada wani ɗan jan takalmi da tafin hannunsa, ya ce daidai Tala ne. Uwar ta biya, ta fita ta tsaya a waje cikin sanyi har suka gama. Malam Haruna ya ɗauka zafin cikin kantin ne ya dame ta.

Na miƙa masa ƙafar ana gab da hutun ƙarshen shekara. Ya tsaya tsakanin ƙarafa biyu na koyon tafiya, ya ɗaga, ya taka, ya kalli uwarsa. Na cire na duba fata, lafiya lau. Na kafa musu doka, na sa aka maimaita ta har sau uku: awa ɗaya da safe, awa ɗaya da yamma, da sanduna, sannan a cire a duba dungulmi da madubi. Ko ɗigon ruwa aka gani a safa, a ajiye ƙafar a kira ni. Ummu Yazan ta gyaɗa kai. Na lura ta rame kuma ta daina kawo burodi, amma wace uwa ce ba za ta rame ba a halin da take ciki? Muka rufe wurin aiki, ƙanƙara ta zuba, aka ɗage ranar dawowarsu.

Ranar da suka dawo, da ƙafarsa ya shigo, ba sanda. 'Yan matan gaban ofis suka miƙe suna tafi. Ni ban tafa ba, don na san ba a kai nan cikin ɗan wannan lokaci, kuma da ya matso na ji wari. Duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ya san warin. Na zaunar da shi na zare ƙoƙon. Safar ta manne, sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi. A ƙarƙashinta ya cusa takardar bayan gida ninki-ninki. Fatar da aka liƙa ta tafi, gyambo ya buɗe, ina hango farin ƙashi. Uwar ta dafe bango. Shi kuwa fuskata yake kallo, ya yi magana da sauri, Malam Haruna ya juya mini.

"Ammu," haka yake kirana, wato baffa, "ka ga na yi tafiya ba sanda. Ka gaya musu na gama."

Daga nan asibiti muka wuce kai tsaye, aka kwantar da shi. Malam Haruna ne ya zauna da shi ya lallashe shi har ya faɗi abin da ya faru, sannan ya same ni a baranda. Ya ce, "Malam Bitrus, yaron ga ba wauta ya yi ba. Matakalar benen nan yake hawa yana sauka tun safe, in uwar ta shige ɗaki ta rufe. Ya hana ta duba ƙafar, wai shi babba ne, shi zai duba da kansa. Safar ma shi ke wankewa ya ɓoye." Na tambaye shi dalili. Ya ce ranar da za su rabu, Tala ta ƙanƙame uwar tana ihu, sai uwar ta ce mata ta yi haƙuri, da zarar yayanta ya taka da ƙafarsa za ta dawo. Irin maganar da kowace uwa ke yi don a sake mata zane. Yazan na kwance a motar asibiti ya ji, ya riƙe. A lissafinsa shi ya raba yarinyar da uwarta, kuma kowace ranar da ya ƙara da sanda, rana ce da ya ƙara mata.

Muna tsaye Ummu Yazan ta fito. Malam Haruna ya gaya mata, a hankali, yana zaɓen kalmomi. Ta saurara har ya gama, sannan ta zame ta zauna a ƙasa a barandar nan, mutane na wucewa. Da ta yi magana, Malam Haruna bai juya mini nan take ba, sai da ya cire hularsa ya share fuska.

"Tala ta rasu tun kafin a ba shi ƙafar. An jefa wa tantunan wuta, lokacin babanta ya fita neman garin burodi, ya dawo bai same ta ba. Ni da babansa muka yanke kada a gaya masa sai ya warke, don kada zuciyarsa ta karye ya ƙi tafiya. In na rufe ƙofa kuka nake yi, kada ya ji."

Ta roƙe mu kada mu faɗa masa, muka yi mata alkawari. Ban ga laifinta ba a ranar, yau ma ban gani ba. Baƙin ciki dai na yi irin wanda ban taɓa yi a kan aiki ba. Uwa a cikin ɗaki tana toshe bakinta saboda ɗa, ɗa a matakala yana cije leɓe saboda uwa, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, wannan zan shaida ko a gaban wa. Sun kankare ƙashin, sun sa masa magani ta jijiya, suka sake kankarewa. Ba aikina ba ne zuwa asibiti, amma na riƙa biyawa in na tashi, in tsaya in tambayi abu ɗaya, gwiwar fa? A ce mini ana gani. Matata da 'yan cocinmu suka sa shi a addu'a, Malam Haruna ya kai sunansa masallaci. Ashe tun yankan farko akwai ciwon da ya kwanta a cikin ƙashin, gyambon ya tashe shi, ya haura. Wata safiya likitar da ke kula da shi ta kira ni da kanta, ta ce sun yi shawara, in ba a yanke sama ba, ran yaron ake magana. Na ce na gode da ta gaya mini. Na ɗauko ƙafar da na yi masa daga kan kanta, na kwance tafin da ƙarfen don za su yi wa wani yaro amfani, ƙoƙon kuwa ba ya shiga kowa sai mai shi, na jefa a kwandon shara.

Ku da kuke son shiga sana'ar nan, ku shigo, muna bukatarku, kuma na'urorinku suna da amfani, ban ce ba su da shi ba. Amma ku sani ƙafar da kuka yi tana bin mutum gida, ta shiga cikin abin da ba ku gani ba kuma ba a gaya muku ba. Ni na tambayi Yazan inda ke masa zafi a dungulmi ya fi a ƙirga. Abin da ke tura shi hawa bene ba a dungulmin yake ba.

Da sabon yankan ya warke aka dawo da shi wurina ɗaukar awo, wannan karon a keken guragu. Ya ƙara ramewa. Awon cinya ya fi wuya, sai mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya ana naɗe shi har kwankwaso, don haka na shirya komai tukuna, na zuba ruwa a bokiti na tsoma filasta. Ina durƙushe a gabansa ya tambaya, ta bakin Malam Haruna, wannan ƙafar za ta ɗauki lokaci kamar waccan? Na dubi uwar, ta sunkuyar da kai. Ban iya yi wa mai ƙafa ƙarya a kan ƙafarsa ba. Na ce za ta fi waccan daɗewa sosai, domin yanzu sai ya koyi sarrafa gwiwar ƙarfe, kamar jariri mai koyon tafiya, kuma in ya sake yin gaggawa ba abin da zai rage a yanka.

Ya kalli inda gwiwarsa take a da. Sannan ya juya wajen uwarsa ya faɗi wata gajeriyar magana, muryarsa ƙasa-ƙasa. Malam Haruna ya kau da kai. Na taɓa shi na ce me ya ce.

"Ya ce, Mama ki yafe mini, na ƙara ɓata miki lokaci. Ki kira Tala ki ce mata laifina ne, kada ta yi fushi da ke."

Ummu Yazan ta tashi daga kujerarta. Ta zo ta durƙusa inda nake, ta kama hannayensa biyu, ta ce da mu ba tare da ta waiwayo ba mu ba su wuri. Muka fita, na jawo ƙofa. Muna tsaye a baranda ni da Malam Haruna, hannuna duk farin filasta, muna jin muryarta tana magana a hankali, ta daɗe tana yi. Can muka ji kukan yaron, kuka mai ƙarfi irin na ɗan shekara tara, yana kiran sunan ƙanwarsa. Tun da na san shi ban taɓa jin ya yi ko tsaki don zafi ba. Malam Haruna ya jingina da bango yana salati a hankali, ni ma na yi addu'ar da ta zo bakina.

Filastar ta daskare a cikin bokiti. Ba mu ɗauki awo ran nan ba.